Kimiyya A Sauƙaƙe: Kafin Ka Sayi Katin Hoto, Ka San Ciwon Na'urarka

A makon nan za mu ya da zango ne a Jimeta ta Jihar Adamawa, musamman unguwar Dubeli da ke kusa da gadar kogin Binuwai, domin mu tattauna wata matsala wadda dattawa za su ɗauka wasan yara ce, alhali kuwa tana cinye wa samari jari. Matsalar kuwa ita ce ta kwamfutar da ke sarƙewa a tsakiyar wasa, da kuma ɗan abin nan mai tsada da ake kira katin hoto, wanda kowa ke rugawa ya saya da zarar na'urarsa ta fara ɗingishi.

Wanda ya san Dubeli ya san hanya ce ta ɗalibai, gama ta nan akan bi a haye gada zuwa Girei, inda Jami'ar Modibbo Adama take. A irin waɗannan unguwanni, a Jimeta da sauran garuruwanmu, ba a rasa shagon da samari ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo a talabijin ko a kwamfuta. Mai shagon nan sana'a yake yi, da ita yake ci, da ita yake biyan haya. Har ila yau, na'urar da ke ɗaukar wasa ita ce ke ɗaukar aikin tace bidiyon biki, da zanen katin gayyata, da zanen gini na ɗaliban jami'a. Daɗin daɗawa, babu katin hoto ko ɗaya da ake ƙerawa a ƙasar nan, dukkansu da dala ake shigo da su. Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ke nan kuskuren saye ya ninka tsadarsa wajen sau uku, kuma wanda ya yi shi da jarin da iyaye suka tara masa ba ya mantawa da wuri.

Mene ne sarƙewar?

Motsin da muke gani a allo ruɗin ido ne. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka abu ne mai tafiya. Fim na silima hoto 24 yake nunawa a cikin daƙiƙa ɗaya, watau sakan guda, talabijin irin tamu kuwa 25. Amma shi fim an riga an ɗauke shi an ajiye, nunawa kurum ake yi. Wasan kwamfuta kuwa kowane hoto sai an zana shi nan take, bisa ga abin da ɗan wasa ya danna a wannan lokaci. In na'ura ta iya zana hoto 60 a daƙiƙa, wasa ya tafi sumul. In ta tsaya a 30, ana iya haƙuri da ita. In ta faɗo ƙasa da 20, sai ka ga ɗan ƙwallo yana tsalle daga wuri zuwa wuri, ka danna bugu, a ci ka kafin ƙafarsa ta ɗaga.

Bari mu auna nauyin aikin. Allon da ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. In ana son hoto 60 a daƙiƙa, tilas a lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, kuma kowane hoto bai da lokacin da ya kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, gwana ce wajen lissafi mai wuya, amma 'yan ma'aikatanta kaɗan ne. Katin hoto kuwa yana da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ma'aikata, kowa da 'yar gonarsa, suna aiki lokaci guda kamar 'yan gayya. Wannan ne dalilin da ya sa aka ware masa aikin zane. Kamfanin 3dfx na Amurka ya fito da katinsa mai suna Voodoo a 1996, Nvidia ta fito da GeForce 256 a 1999, AMD ta sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006, kana Intel ta shigo kasuwar da katunanta na Arc a 2022. Waɗannan uku, Nvidia da AMD da Intel, su ne ke ƙera zuciyar katunan da za ka tarar a kasuwa.

A auna kafin a yanke

Babban kuskuren da samari ke yi shi ne ɗora wa katin hoto laifin kowace sarƙewa. Mutum ya sayar da tsohon katinsa, ya cika kuɗi ya sayi sabo, ya dawo gida ya tarar wasa yana nan yadda yake. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya auna, haka nan ya kamata mai kwamfuta ya yi. Akwai manhajoji na kyauta, irin su MSI Afterburner, da ke nuna maka a gefen allo yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa, da zafin kati, da kuma kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin kati da na furosesa ake amfani da shi.

In ka ga kati yana aiki kusan kashi ɗari cikin ɗari kuma wasa na sarƙewa, to lalle katin ne ya kai iyakarsa. In kuwa yana zaune a kashi 50 ko 60, to jira yake a miƙo masa aiki, ciwon yana wani wuri dabam. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar komai. Shiga saitin wasa ka rage girman hoto daga 1080 zuwa 720, wanda ɗigonsa 921,600 ne, watau bai kai rabin na farko ba. In wasa ya saki jiki nan da nan, kati ne ya gaza. In bai canja ba, to ko da ka sayi katin da ya fi kowane tsada a Jimeta ba zai yi maka magani ba, sai ka waiwayi furosesa da ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram.

Kafin ma a kai ga nan, akwai ƙananan abubuwa da sukan ba mutum kunya. Na farko, a duba inda aka soka wayar allo. Kwamfutar tebur mai kati tana da ramukan hoto a wuri biyu, na babban allon ciki a sama, na kati a ƙasa. Wanda ya soka a na sama yakan bar katinsa yana barci, ƙaramin injin zane na cikin furosesa yana ta fama. Na biyu, kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage ƙarfinta da gangan in tana kan batir, saboda haka duk wanda ke wasa bayan an ɗauke wuta kada ya yi mamakin sarƙewa. Na uku, ram guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai giga 16 saurin kai kaya, domin hanya biyu ce ta buɗe maimakon ɗaya, kuma bambancin ya fi fitowa a na'urar da ba ta da katin kanta. Na huɗu, tsohon faifan ajiya mai juyawa yakan sa wasa ya riƙa tsayawa cak duk lokacin da za a ɗauko sabon wuri, musanya shi da irin na zamani da ake kira SSD ya fi sayen kati araha nesa ba kusa ba. Na biyar, a sabunta manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake kira direba, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Zafi da ƙura

A nan ne Jimeta ta bambanta da ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya. Yola na cikin garuruwa mafiya zafi a Nijeriya, a watannin Maris da Afrilu ma'auni yakan wuce digiri 40. Fankar kati ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfe. Katin da aka gwada a Turai cikin ɗaki mai digiri 22 aka ga ya tsaya a 70, in aka kawo shi shago mai rufin kwano a Dubeli inda iska ta kai 40, ƙiyasi ya nuna zai nemi ya kai 88. Yawancin katunan Nvidia kuwa da zarar sun kai wajen digiri 83 sukan fara rage gudu da kansu domin kada su ƙone. Alamar wannan ciwo sananniya ce: wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko ashirin ya soma ja da baya, da asuba ya yi kyau, da azahar ya lalace.

Sa'an nan ga ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta like tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo. Maganin wannan bai da tsada. A kashe na'ura, a cire ta daga wuta, a buɗe a hure ta da bulowa aƙalla sau ɗaya a wata lokacin hunturu, ana riƙe da fanka da yatsa domin kada iska ta juya ta fiye da kima. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora bisa tebur, a ba shi tazara daga bango, kada a kulle shi cikin kabad don tsoron masu ɗan hali. In kati ya shekara uku ko huɗu yana aiki, man da ake shafawa tsakanin zuciyarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai a kai wa mai gyaran da ya san aikinsa ya goge ya shafa sabo. Sau da yawa wannan kaɗai yakan dawo wa tsohon kati da ƙuruciyarsa.

Ɓarawo a cikin gida

Akwai wani ciwon da ba a cika faɗa ba domin kunya. Yawancin wasannin da ke yawo a filashi daga hannu zuwa hannu na sata ne, an fasa makullinsu. A shekarar 2021 kamfanin Avast mai yaƙi da cututtukan kwamfuta ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin kwafin sata na wasanni irin su GTA V da PES 2018. Aikinta shi ne ta kashe kariyar na'ura, ta riƙa haƙa wa masu ita kuɗin intanet da ake kira Monero da ƙarfin furosesarka da wutar da kai ke biya. Kamfanin ya ce ta kama na'urori fiye da 222,000 a duniya. Saboda haka in ka ga fanka tana kuka kuma furosesa ta cika da aiki alhali ba ka buɗe komai ba, to ka yi baƙo. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

A kuma rarrabe tsakanin sarƙewar hoto da jinkirin intanet. Wanda ke wasa da mutanen nesa, kowane dannawarsa sai ta yi tafiya zuwa wata babbar na'ura, sau da yawa a Turai, ta dawo. In hoto na tafiya sumul amma abokan wasa na ɓacewa suna ɓullowa a wani wuri, ko ka yi harbi sai daga baya a lissafa maka, wannan ciwon layi ne, babu ruwan kati a ciki. Maganinsa sai kyakkyawan sabis, da haɗa na'ura da waya maimakon iska, da dakatar da masu sauke fim a kan layi ɗaya.

In saye ya zama tilas

To, in an bi duk waɗannan aka tabbatar kati ne ya gaza, sai a zauna a yi lissafi. Tambaya ta farko ita ce wane wasa ake so a buga, a kan wane allo. Kowane kamfani yakan wallafa abin da wasansa ke bukata. Alal misali, wasan ƙwallon EA Sports FC 24 da ya fito a 2023, wanda ya gaji FIFA, ya nemi aƙalla katin GTX 1050 Ti ko RX 570 tare da ram giga 8, kana ya ba da shawarar GTX 1660 ko RX 5600 XT ga mai son jin daɗi. Mai shagon da ƙwallo kurum yake nunawa a talabijin mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba ya bukatar katin da ke zana 200, gama allon ba zai nuna abin da ya wuce 60 ba. Haka nan allon 4K yana da ɗigo 8,294,400, ninki huɗu na 1080, wanda ya saye shi ya ɗora wa kansa sayen kati mai ninkin ƙarfi.

Tambaya ta biyu ita ce wuta. Katin RX 580 na 2017, wanda samari ke so saboda araharsa da giga 8 da yake da shi, yana shan wat 185. GTX 1060 na 2016 yana shan 120, RTX 3060 na 2021 yana shan 170, RTX 4060 na 2023 yana shan 115 kuma ya fi su duka ƙarfi, shi kuwa GTX 1650 na 2019 wat 75 ya ishe shi. Mai na'ura biyar da ya zaɓi na wat 185 maimakon na 75 ya ƙara wa kansa wat 550, kusan duk ƙarfin ƙaramin janaretan nan na shago. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya zama na kullum, kuma kowane wat da kati ya sha zafi yake zama a cikin ɗaki. Bugu da ƙari, wutar da ke hawa da sauka tana kashe kaya, don haka sitabilaiza da na'urar riƙe wuta ta UPS suna cikin kuɗin kati tun daga farko.

Tambaya ta uku ita ce ko akwatin zai ɗauka. Kwamfutocin ofis na kwance, irin siraran nan na HP da Dell da suka cika kasuwa, tukunyar wutarsu ba ta cika wuce wat 250 ba, kuma ba ta da wayar ciyar da babban kati. Ramin da ake soka kati wat 75 kaɗai yake bayarwa. Irin waɗannan sai gajeren kati da ba ya neman ƙarin waya. Wanda ya sayi babban kati ya haɗa shi da tukunyar wuta marar suna don araha, yana iya rasa katin da sauran na'urar a rana ɗaya. Ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, katinta a like yake da babban allo, ba a canja shi. Duk wanda ya ce zai ƙara maka kati a cikinta, riƙe kuɗinka.

Cinikin biri a sama

Kada yawan giga ya ruɗe ka. Katin GT 730 mai giga 4 bai kama ƙafar GTX 1050 mai giga 2 ba, domin girman rumbu dabam, ƙarfin manomi dabam. Har suna ɗaya ma yakan ɓoye kaya biyu: GTX 1060 mai giga 3 an rage masa ma'aikata idan aka kwatanta da mai giga 6, kuma GT 1030 mai ma'ajiyar DDR4 ya gaza ɗan'uwansa mai GDDR5 ƙwarai. Akwai kuma na jabu tsantsa, inda akan ɗauki tsohon kati irin GTS 450 na 2010 a sauya masa bayanin ciki har kwamfuta ta riƙa kiransa GTX 1050 Ti. Alama ɗaya ita ce ramin nan shuɗi na tsohuwar wayar allo da ake kira VGA, wanda katin GTX 1050 Ti na gaske ba ya zuwa da shi. Manhajar GPU-Z, ita ma kyauta ce, takan tona asirin yawancinsu.

A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin kwance na duniya, RX 580 na kan gaba. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, mansu ya bushe. Haka kuma a 2025 Nvidia ta sanar da daina fitar da sababbin direbobin wasa ga jerin GTX 900 da GTX 1000, ke nan mai sayensu ya san sababbin wasanni za su riƙa barinsa a baya.

Yawancin waɗannan kaya daga Legas ko Kano ake kawo su Jimeta, kuma sau da yawa a waya ake ciniki, a turo hoto, a tura kuɗi, a sa a mota. Gani ya kori ji. In da hali, a sa katin a na'ura a gaban mai saye, a buga wasa mai nauyi na aƙalla rabin sa'a, ana duba zafi, ana sauraren fanka, ana lura ko ɗige-ɗige masu launi ko layuka za su ɓullo a allo. In daga nesa ne, a wakilta wanda aka yarda da shi ya yi wannan gwaji. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin katin, a kuma rubuta kwanakin da aka amince za a iya mayar da shi. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Shawararmu ga samarin Dubeli da takwarorinsu ita ce su bi abin daki-daki: a auna tukuna, a duba waya da saiti, a share ƙura a kula da zafi, a kori ɓarawon manhaja, a gyara ram da faifan ajiya, sa'an nan a yi zancen kasuwa. Matakai biyar na farko kuɗinsu duka ba su kai na kati ɗaya ba, kuma su ne ke warkar da na'urori masu yawa. Iyaye kuma da ɗa ya zo neman kuɗin kati, ya kamata su tambaye shi abin da ya auna da abin da ya gani, in ya iya ba da amsa da lambobi, to ya fara sanin sana'arsa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda mai ƙaramin shago zai lissafa faifan hasken rana da batir ɗin da za su ɗauki na'urorinsa. Mu kwana nan.